Ƙin rigakafi a Sakkwato: addini ne ya kawo shi ko siyasa?

Malamin Firamare, Mabera:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon malamanmu da dattawanmu da ma'aikatan lafiya su haska mini wata matsala da ta daɗe tana damuna. A binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a shekarar 2018, an gano cewa kashi 5 cikin ɗari ne kacal na yaran Jihar Sakkwato masu shekara ɗaya zuwa biyu suka samu dukkan rigakafin farko da ya kamata a yi musu, alhali a Jihar Anambra adadin ya kai kashi 76 cikin ɗari. Wannan tazara ta yi yawa ƙwarai, kuma ni da nake koyar da yara kullum ina ganin sakamakonta, domin idan zafi ya shigo baƙon dauro ya ratsa unguwa, sai aji ya yi kwanaki babu rabin ɗalibansa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne bambancin dalilan da nake ji daga bakin iyaye. Wani zai ce shi ya dogara ga Allah, kuma ba a neman magani kafin cuta ta zo. Wani zai ce dabara ce ta rage haihuwar Musulmi. A lokacin korona kuwa, maganar da ta cika gari ita ce cutar manya ce, ko kuma hanya ce da masu mulki suka samu ta cin kuɗi. Mutum ɗaya ma yana iya kawo maka hujjar addini da safe, da yamma kuma ya kawo ta siyasa. Tambayata ita ce, wanne ne tushen wannan ƙi, aƙida ko siyasa? Ina so in fahimta ne domin in san yadda zan riƙa yi wa iyayen ɗalibaina magana ba tare da na ci mutuncin kowa ba.

Dattijo mai ritaya, Gidan Igwai:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi tambaya mai kyau, kuma ina ganin ba za a amsa ta ba sai an koma baya kaɗan, domin yawancin matasan da ke maimaita waɗannan maganganu ba su san inda suka samo asali ba.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta yi mummunar ɓarna a Arewa, dubban mutane suka rasu. Ana cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 daga cikinsu suka rasu, wasu kuma suka samu naƙasa. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya ce cutar ce ta kashe yaran. An daɗe ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan ba allurar rigakafi ba ce, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, amma talaka ba ya wannan rarrabewa. Abin da ya riƙe shi ne, baƙi sun zo da magani kyauta kuma yara sun mutu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Shekara bakwai bayan gwajin Trovan, a 2003, abubuwa da dama suka haɗu lokaci guda. Amurka ta mamaye Iraƙi a watan Maris, bayan ta riga ta shiga Afganistan, mutane da yawa a nan suka ɗauka cewa yaƙi ake yi da Musulunci baki ɗaya. A watan Afrilu aka yi zaɓen da Obasanjo ya koma mulki bayan ya kara da Buhari, jihohi da dama na Arewa kuma suna hannun jam'iyyar adawa ta ANPP, ga taƙaddamar shari'a da ta faro daga Zamfara tun 1999 ba ta lafa ba. A cikin wannan yanayi ne Dakta Datti Ahmed, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Najeriya, wanda shi kansa likita ne, ya yi zargin cewa an gurɓata ɗigon shan inna da sinadarin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin, Kano ce kuma ta fi daɗewa, domin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ba ta amince a ci gaba ba sai a watan Yulin 2004. Kafin nan cutar ta riga ta bazu, daga baya aka riƙa gano irin da ya fito daga Najeriya a ƙasashe kusan 20.

Ka lura da abin da ya kashe wutar a Kano. Gwaje-gwajen da gwamnatin tarayya ta sa aka yi sun nuna maganin ba shi da illa, amma wannan bai gamsar da mutane ba, saboda ba su yarda da wanda ya sa aka yi gwajin ba. An samu sassauci ne lokacin da aka samo maganin daga Indonesiya, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Magani iri ɗaya ne, aikinsa ɗaya, hannun da ya miƙo shi ne ya canja. Wannan ya sa ni dai nake ganin tushen matsalar rashin yarda ne da masu mulki da kuma ƙasashen waje, addini kuma shi ne harshen da mutanenmu suka fi iya bayyana damuwarsu da shi. Abin da ya faru a Pakistan a 2011, inda hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da aikin rigakafi wajen neman Usama bin Ladan, ya ƙara wa masu zargi hujjar da har yau suke kafawa, kuma ma'aikatan lafiya ne suka biya da rayukansu. Mu ma a nan, a watan Fabrairun 2013, an harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, kusan dukkansu mata.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Atiku:

Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na yarda da mafi yawan abin da ka faɗa, sai dai ina so in ƙara bayani ta fuskar shari'a, domin kada a tafi da tunanin cewa akwai wani nassi da ya hana rigakafi.

Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci duk wanda ya ji labarin annoba a wata ƙasa kada ya shige ta, wanda kuma ta ɓarke yana ciki kada ya fita. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta sauka a can, ya juya da mutanensa, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ga ƙaddarar Allah. Babu wanda ya isa ya ce ya fi Umar tawakkali. Saboda haka wanda ya ce ba a neman kariya kafin cuta ta zo, ya saɓa wa abin da sahabbai suka fahimta, kuma ya manta cewa addu'o'in safe da yamma da muke koya wa yara su ma neman tsari ne daga abin da bai riga ya faru ba. A nan Sakkwato ma muna da gado a kan wannan, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin likitanci da magunguna, kuma bai ga saɓani tsakanin wannan da shugabancin addini ba.

Akwai abin da nake yawan tunatar da magidanta a majalisi. Babu maniyyacin da yake tashi daga filin jirgin saman Sakkwato zuwa ƙasa mai tsarki sai an yi masa allurar sanƙarau da ta shawara, kuma hukumomin Saudiyya sun daɗe suna buƙatar shaidar rigakafin shan inna daga alhazan Najeriya. Ban taɓa jin wanda ya fasa aikin Hajji saboda wannan sharaɗi ba. A 2020 kuwa Saudiyya ta dakatar da Umara, ta taƙaita Hajji ga 'yan tsirarun mazauna ƙasar, alhazanmu ba su tafi ba a wannan shekara da wadda ta biyo baya, duk da haka a nan wasu suna cewa rufe masallatai na ɗan lokaci makircin maƙiya addini ne.

Amma dole in faɗi gaskiya a kan ɓangarenmu. Akwai masu wa'azi da suka hau mumbari suka yanke hukunci a kan abin da ba fanninsu ba, kuma kalmar malami a ƙauye ta fi ta likita nauyi nesa ba kusa ba. A 2017, lokacin da sanƙarau ya kashe fiye da mutum dubu, galibinsu a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya danganta annobar da zunuban mutane, Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, ya fito fili ya ce abin da ake buƙata shi ne a nemo allurar rigakafi. Mun yi imani cewa Allah Yana jarraba bayinSa, amma shugaba ba ya fakewa da wannan ya bar haƙƙin da aka ɗora masa. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya nuna hanya tun 2009, lokacin da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, aka sa hakimai da dagatai da masu unguwanni cikin aikin, kuma wannan na cikin abubuwan da suka sa aka wayi gari a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji, wato ta asali, ba wadda ta samo tushe daga ɗigon rigakafi ba.

Ma'aikaciyar lafiya, Wurno:

Allah gafarta Malam, na gode da wannan bayani. Ni aikina ne shiga gida-gida, saboda haka zan faɗi abin da nake gani a zaure da tsakar gida, wanda ya ɗan bambanta da abin da ake tattaunawa a taruka.

Muna fita da sassafe da akwatin sanyi kafin rana ta yi zafi, mu yi sallama, mu ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, mu shafa masa tawada a ƙaramin yatsan hannun hagu, sannan mu rubuta alama da alli a bangon gidan. A mafi yawan gidajen da ake hana mu, matar gida ba ta kawo aya ko hadisi, abin da take cewa shi ne mai gida bai ba da izini ba, kuma ba ya nan. Sau da yawa za ka ga a fuskarta tana so, wata ma takan bi mu har soro ta tambaya a hankali ko za mu dawo da yamma. Idan kuma mun samu mai gidan, tambayarsa kusan guda ce ko'ina: me ya sa wannan kaɗai ake biyo mu da shi har gida kyauta, alhali idan zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro muka kai shi asibiti, sai an rubuta mana magani mu je mu saya? Wani magidanci ya taɓa nuna mini rijiyar unguwarsu da ta ƙafe, ya ce in koma in gaya wa waɗanda suka aiko ni cewa ranar da suka gyara ta, shi da kansa zai kawo mini yaransa.

Wannan mutum ba jahili ba ne, kuma ba ya musun cewa maganin yana aiki. Ya lura ne cewa ranar rigakafi ce kaɗai gwamnati take buƙatar wani abu daga gare shi, sai ya mai da ita ranar da shi ma zai gabatar da buƙatarsa. Zuciyata tana sosuwa idan na ga haka, domin yaron da ke tsaye a bayansa shi ne zai ɗauki nauyin wannan ciniki.

Ina kuma so Malamin Firamare ya sani cewa kashi 5 ɗin da ya ambata ba duka ƙi ne ya jawo shi ba. Cikakken rigakafin farko yana buƙatar a kai jariri asibiti ranar haihuwa, da mako shida, da mako goma, da mako goma sha huɗu, da wata tara. Mata da yawa a gida suke haihuwa, asibitin yana da nisa, kuɗin babur ya tashi, wata rana ta zo ta tarar ba a buɗe kwalbar ba saboda yara ba su taru ba, ta koma ba ta sake dawowa. A yankunan Isa da Sabon Birni da Rabah kuwa, matsalar tsaro ta sa akwai ƙauyukan da ma'aikaci ba ya iya shiga. Duk waɗannan yara ana lissafa su cikin waɗanda ba a yi wa ba, ko da iyayensu ba su taɓa cewa a'a ba.

Ɗalibin jami'a, Runjin Sambo:

Ina gaida iyayena da malamaina. Zan taɓo ɓangaren korona, domin a can ne siyasa ta fi fitowa fili, kuma a can ne aka ga cewa abin bai keɓanta da Musulmi ko Arewa ba.

An tabbatar da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas, waɗanda aka fara jin sun kamu kuma manya ne masu tafiye-tafiye, har shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Abba Kyari, ya rasu a watan Afrilu. Daga nan talaka ya yanke cewa cutar manya ce. Aka rufe kasuwanni da iyakokin jihohi a kan mutanen da sai sun fita suke samun na cefane, aka yi alƙawarin tallafi, sai ga shi a watan Oktoba an fasa rumbuna a jihohi da dama an tarar da kayan abinci jibge ba a raba ba. Bayan wannan, da wane baki jami'in gwamnati zai ce wa mutum ya miƙo hannu a yi masa allura? Allurar ta iso a watan Maris na 2021, Shugaba Buhari ya karɓa a bainar jama'a, amma kafin ƙarshen shekarar sai da aka lalata fiye da miliyan ɗaya da wa'adinsu ya ƙare, waɗanda dama an turo su ne dab da lalacewa, wannan ma ya zama abin faɗa a bakin masu shakka.

Gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya daɗe yana musun cewa cutar tana jiharsa. A Tanzaniya, Shugaba Magufuli, wanda Kirista ne, ya ayyana cewa addu'a ta kori cutar daga ƙasarsa. A Legas, Fasto Chris Oyakhilome ya danganta ta da fasahar sadarwa ta 5G. A Brazil, Shugaba Bolsonaro ya kira ta 'yar mura, ƙasar kuma ta rasa mutane kusan 700,000. A Amurka, magoya bayan jam'iyyar Republican sun fi na Democrat ƙin allurar, duk da cewa a ƙarƙashin gwamnatin Trump aka zuba kuɗin gaggauta samar da ita.

Inda nake ɗan saɓa wa Baba shi ne, ina tsoron kada mu ce komai rashin yarda ne har mu wanke waɗanda suka ci riba da shi. Akwai 'yan siyasar da suka san gaskiya amma suka yi shiru don kada su rasa ƙuri'a, akwai kuma masu naɗar murya suna turawa a WhatsApp don neman suna. Ina da tambaya ga Hajiya ma'aikaciyar lafiya, domin abokaina suna yi mini ita kuma ba ni da amsa: tunda an ce an kawar da shan inna a 2020, me ya sa har yanzu ake zagayawa ana ɗigawa?

Ma'aikaciyar lafiya, Wurno:

Ƙanena, wannan tambaya ta cancanci amsa ta gaskiya, domin ɓoye-ɓoye ne ke haifar da jita-jita. Abin da aka kawar shi ne ƙwayar cutar ta daji, wadda aka ga ta ƙarshe a Borno a 2016. Ɗigon da muke bayarwa yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana, wadda take koya wa jikin yaro yaƙar cutar, sannan ta fita ta bayan gida. A unguwar da aka yi wa kusan dukkan yara, ba ta samun inda za ta zauna sai ta mutu. Amma inda yara da yawa ba su da kariya, ga kuma ƙarancin tsabtataccen ruwa da bahaya a fili, takan yi ta yawo daga wannan yaro zuwa wancan na tsawon watanni, har ta sauya ta sake samun ƙarfin shanye ƙafa. Irin wannan ce ake ci gaba da samu a Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Katsina, kuma yaran da take kamawa su ne waɗanda ba a yi musu ba ko ba a kammala musu ba. Tun 2021 aka fara amfani da sabon nau'in ɗigo da aka ƙera don ya fi wuyar sauyawa, akwai kuma allurar shan inna da ake yi a asibiti tun 2015, wadda ba ta ɗauke da ƙwaya mai rai.

Ga Malamin Firamare kuwa, shawarata ita ce ka fara da iyaye maza, ka tambayi kowane ɗaya abin da yake tsoro kafin ka kawo masa hujja, kuma idan za ka tara su, ka gayyaci limamin unguwa da mai unguwa tare da ma'aikacin asibitin da suka sani da fuska. Ka ce su zo da katin rigakafin yaransu, domin ko yaro ya tsallake wasu allurai ba sai an koma farko ba, daga inda aka tsaya ake ci gaba.